Yadda Ake Shirya Balaguron Jirgin Ruwa ta Gaɓar Tekun Norwe da Ƙauyukan Masunta na Lofoten

Kullum da dare akwai jirgin ruwa da ke tashi daga birnin Bergen na ƙasar Norwe, ya nausa arewa yana bin gaɓar teku har Kirkenes, kusa da iyakar Rasha, sannan ya juyo. Tashoshi 34 yake tsayawa, kuma zuwa da dawowa kwana 12 ne. Wannan hanya ta samo asali ne tun 1893, lokacin da kyaftin Richard With ya fara jigilar wasiƙu da kaya da mutane daga Trondheim zuwa Hammerfest a jirginsa Vesteraalen. Har yau jirgin aiki ne. Yana sauke kaya, yana ɗaukar 'yan gari masu zuwa asibiti ko makaranta ko ziyara, masu yawon buɗe ido kuma suna shiga cikinsu. Duk wanda ya fahimci haka kafin ya biya kuɗi, shi ne zai ci moriyar tafiyar, domin jadawalin jirgin an tsara shi ne don bukatun garuruwan, ba don idon baƙo ba.

Mataki na farko: zaɓi lokacin da ya dace da abin da kake son gani

Wannan shi ne shawarar da komai ya rataya a kanta. Arewacin Norwe a watan Yuni da arewacin Norwe a watan Janairu kamar ƙasashe biyu ne daban.

Daga wajen ƙarshen Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa a Tromso, babban birni a arewacin ƙasar. Wannan yana nufin ko da jirgi ya ratsa wani wuri ƙarfe biyu na dare, za ka gan shi tangaram. A lokacin zafi ne kuma jiragen ke karkatawa su shiga mashigin Geiranger, inda ruwa ke zubowa daga saman duwatsu. Amma lokacin ne tikiti ya fi tsada, masaukai kuma suke cika da wuri.

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuwa rana ba ta fitowa ko kaɗan a Tromso, sai ɗan haske mai shuɗi da tsakar rana. Masu neman hasken nan mai launin kore da ke rawa a sararin arewa suna zuwa tsakanin ƙarshen Satumba da Maris, sai dai babu mai ba ka tabbacin ganinsa, domin gajimare kaɗai ya isa ya rufe shi.

A ganina, wanda ƙauyukan masunta ne suka kai shi, ya nufi Maris zuwa Mayu. Daga Janairu zuwa Afrilu ne kifin kod da ake kira skrei ke gangarowa daga tekun Barents zuwa tsibiran Lofoten da ke arewacin Norwe don ya saka ƙwai, kuma wannan kamun ne ya kafa ƙauyukan tun ɗaruruwan shekaru. A Maris za ka tarar da ƙananan jiragen masunta na shige da fice, a Afrilu da Mayu kuma rumfunan katako maƙare da kifin da aka shanya. Wanda ya zo a watan Agusta zai ga rumfunan wayam, an riga an kwashe.

Mataki na biyu: karanta jadawali kafin ka sayi tikiti

Kamfanoni biyu ne ke raba hanyar a yanzu: Hurtigruten, wanda shi ne tsohon hannu, da Havila, wanda ya shigo a 2021. Tashoshinsu ɗaya ne, lokutansu ɗaya, bambancin yana ga jirgin da irin abinci da farashi. Saboda haka kar ka ɓata lokaci wajen kwatanta hotunan ɗakuna tun farko. Nemo jadawalin tashoshi, ka ɗauki biro, ka yi alama a kan abu biyu: ƙarfe nawa jirgi ke isa kowane gari, kuma minti nawa yake tsayawa.

Za ka ga cewa tashoshi da yawa minti goma ne ko sha biyar, a sauke kaya a ɗora kaya a wuce. Inda ake daɗewa na awanni su ne manyan garuruwa irin su Trondheim da Bodo da Tromso da Kirkenes. Za ka kuma ga cewa yawancin wuraren da aka wuce cikin dare a hanyar zuwa arewa, da rana ake ratsa su a hanyar dawowa. Zuwa arewa kwana bakwai ne, dawowa kudu kwana shida, domin ranar Kirkenes tana shiga lissafin duka biyun. Mai iko da lokaci ya yi duka biyun. Wanda zai zaɓi ɗaya, ya sani cewa hanyar arewa ta fi ba da lokaci a manyan birane, hanyar kudu kuma ita ce ke bi ta tsibiran Vesteralen da mashigin Raftsund da rana, inda idan yanayi ya ba da dama ake kutsawa cikin Trollfjord, wani siririn mashigi da faɗin bakinsa bai wuce kimanin mita 100 ba.

Ga abin da mutane da yawa ba sa lura da shi sai sun shiga jirgi. A duk faɗin Lofoten, wuri biyu kaɗai jirgin ke tsayawa, Stamsund da Svolvaer, kuma da yamma ne ko dare, ko ta wace fuska ka fito. Ƙauyukan da ake nunawa a hotuna, irin su Henningsvaer da Nusfjord da Reine, ba su cikin tashoshinsa.

Mataki na uku: raba tafiyar gida biyu, ka sauka a Lofoten

Tunda jirgi yana zuwa kullum, babu abin da ya hana ka sauka yau ka hau wani bayan kwana biyu ko uku. Ana sayar da tikitin tasha zuwa tasha, irin wanda 'yan gari ke saye. Sai ka yanki ɗaya daga Bergen zuwa Svolvaer, wani kuma daga Svolvaer zuwa Tromso ko Kirkenes. Ka tabbatar ka sayi zangon biyu tare tun kana gida, don kar ka sauka ka rasa ɗaki a jirgin da ke biye.

A tsibiran, babbar hanyar mota mai lamba E10 ita ce ta haɗa su ta gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshenta a ƙauyen da ake kira Å. Akwai motocin haya na bas, amma ba su da yawa, musamman a ƙarshen mako da lokacin sanyi. Hayar mota ta fi sauƙi ga wanda ya saba tuƙi. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, kada ya fara koyo a nan. Ya bi bas, ko ya zo bayan ta narke.

Masauki kuwa, ka nemi rorbu, wato ɗakunan katako da aka kafa a kan turaku a bakin ruwa, yawancinsu jajaye. Tun wajen shekarar 1120 aka ce Sarki Oystein ya sa aka gina irinsu a yankin Kabelvag domin masuntan da ke zuwa cin rani daga nesa su sami wurin kwana. Yau an gyara da yawa sun zama masaukin baƙi, da ɗan kicin a ciki, abin da zai rage maka kashe kuɗi sosai, domin cin abinci a waje a Norwe yana da tsada.

Idan kwana uku gare ka, ka ba Henningsvaer rana guda. An gina shi a kan ƙananan tsibirai, kuma sai a 1983 gada ta haɗa shi da hanyar mota. Nusfjord yana cikin ƙauyukan da tsofaffin gine-ginensu suka fi tsira yadda suke, da tsohon kanti da wurin tatsar man hantar kifi. A Å akwai gidan tarihi na rayuwar masunta da wani na busasshen kifi. Reine kuma tana ƙarƙashin tsaunin Reinebringen, wanda ake hawa ta matakalar dutse kusan 2,000 da 'yan kabilar Sherpa na Nepal suka shimfiɗa. Ba a hawansa idan akwai ƙanƙara ko ruwan sama mai ƙarfi.

Ka tsaya ka kalli yadda ake shanya kifin, domin shi ne tushen komai a nan. Ana cire kai da kayan ciki, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataya a rumfa, babu gishiri babu hayaƙi. Iska ce kawai ke aikin na kimanin wata uku, sannan a shigar da shi rumbu ya ƙarasa bushewa. Yanayin wurin ne ya ba da haka: akwai sanyin da ya hana ƙuda da ruɓewa, amma ɗumin igiyar ruwan tekun Atlantika ya hana sanyin tsananta har ya lalata tsokar. Mafi kyawunsa Italiya ake kaiwa, kawunan kuma yawancinsu Najeriya. Alaƙar da Italiya tsohuwa ce: a 1432 wani ɗan kasuwar Venis mai suna Pietro Querini ya tsira daga hatsarin jirgi a tsibirin Rost, ya koma gida da wannan kifi. Warin yana da ƙarfi a lokacin shanya, wannan kam sai haƙuri.

Abu ɗaya da nake so kowane baƙo ya riƙe: mutane ne ke zaune a ƙauyukan nan. Dokar Norwe ta 1957 ta ba kowa damar yawo a fili da daji, amma ba ta haɗa da farfajiyar gidan mutum ba, kuma mai kafa tanti sai ya nisanci gida da aƙalla mita 150. Kar ka leƙa tagar mutane don hoto, kar ka taɓa kifin da ke rataye, kar ka tare hanya a bakin ruwa lokacin da ake sauke kamu.

Mataki na huɗu: takardu da kuɗi

Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Wanda fasfonsa ke buƙatar biza zai nemi ta Shengen, tare da inshorar lafiya ta tafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki da tikiti. Ka fara nema da wuri. Kuɗin ƙasar kurona ne, kuma kusan ko'ina da kati ake biya, don haka ka tabbatar katinka yana aiki a ƙasashen waje.

Mataki na biyar: zaɓi ɗaki, ka shirya wa igiyar ruwa

Yawancin tafiyar tsakanin tsibirai ake yi, ruwa kwance. Amma akwai wuraren da jirgi ke fita buɗaɗɗen teku: Stad, Hustadvika, Folda, Vestfjord tsakanin Bodo da Lofoten, Lopphavet, da gaɓar Finnmark, yankin ƙurewar arewacin ƙasar, da ke fuskantar tekun Barents. Kowanne 'yan awanni ne, sai dai ga mai saurin jiri sun isa. Ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a bene na ƙasa-ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi. Ka tuntuɓi likita ko mai kantin magani kan maganin jiri, ka sha shi kafin a shiga wurin, ba bayan cikinka ya fara juyawa ba. Ka kuma tambayi ko ɗakin yana kusa da ƙofar lodin kaya, domin ana lodi ko ƙarfe nawa ne na dare.

Tufafi: masu ɗumi da ake sa ɗaya kan ɗaya, riga mai hana ruwa da iska, hula da safar hannu ko da a Yuli ne, da takalmi mai riƙe ƙasa. Mai zuwa lokacin da rana ba ta faɗuwa ya taho da abin rufe ido don barci.

Mataki na shida: abinci da ibada

Kifi ya wadata a jirgin, amma naman alade ma yana nan, kuma wani miyan ana dafa shi da giya. Ka sanar da kamfanin abin da ba ka ci tun lokacin yankan tikiti, ka kuma riƙa tambaya a wurin cin abinci. Batun lokutan salla da azumi a inda rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa, ka nemi fatawa kafin ka tashi. Musulmin Tromso, waɗanda ke da masallaci a garin, suna bin lokutan Makka a irin waɗannan watanni. Alƙibla kuma tana sauyawa duk sanda jirgi ya karkata, don haka manhajar nuna alƙibla a waya za ta yi maka amfani.

Mataki na bakwai: yadda za ka yi a kowace tasha

Jirgin ba ya jiran kowa. Kafin ka taka waje, duba lokacin tashi da aka rubuta a bakin ƙofa, ka saita ƙararrawa a waya, ka riƙe katin shiga da fasfo. A tashar minti goma, zama a saman jirgi kana kallon yadda ake sauke kaya ya fi fita.

A Bergen ka isa kwana guda kafin tashi, ka zaga Bryggen, tsohuwar unguwar bakin tashar ruwa, inda 'yan kasuwar Hansa na Jamus suka kafa ofishinsu wajen 1360 don cinikin busasshen kifin arewa. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Alesund ta ƙone ƙurmus a 1904, shi ya sa gine-ginen tsakiyarta duk salo ɗaya ne na farkon ƙarni na 20. Tsakanin Nesna da Ornes za a tsallaka layin Aktik, wato iyakar yankin da rana ke kwana ba ta faɗi ba a lokacin zafi, akwai siffar ƙwallon duniya ta ƙarfe a kan wani ɗan tsibiri. Idan ka isa Finnmark ka ga garuruwa irin su Hammerfest babu tsofaffin gidaje, dalili shi ne sojojin Jamus sun ƙona kusan duk yankin yayin janyewarsu a ƙarshen 1944 zuwa farkon 1945, aka sake gini daga tushe bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A lokacin sanyi, guguwa kan sa kyaftin ya tsallake wata tasha ko ya makara. Don haka kar ka sa jirgin samanka na komawa a ranar da za ka sauka a Kirkenes ko Bergen. Ka bar tazarar kwana guda a tsakani.