Babi na Bakwai: Bidiyon Motsa Jiki Mai Tsanani da Kayan da Yake Buƙata

Darasi na Ɗaya

Ɗalibai, wannan babi na waɗanda suka riga suka saba da motsa jiki ne, har suna son su gwada shirye-shiryen bidiyo masu tsanani da ake bi a cikin gida. Idan aka ce shiri, ana nufin jerin bidiyo tare da jadawalin da ke nuna wanda za a bi kowace rana. Shirin P90X, wanda Tony Horton ɗan Amurka yake jagoranta, na kwana 90 ne, ana yi kwana shida a mako, kuma yawancin darussansa sun kai kusan awa guda. Yana buƙatar ƙarafan ɗagawa ko igiyar roba, da sandar da ake rataya a kanta a ja jiki sama, da shimfiɗa. Shirin Insanity na Shaun T kuwa na kwana 60 ne, kuma nauyin jikin mutum kaɗai ya ishe shi. Saboda haka ku san shirin da za ku bi tukuna, kafin ku nemi kaya. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon gwiwa da baya, da mace mai juna biyu, su ga likita kafin su fara.

Darasi na Biyu

A nan ne na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Ƙarfen ɗagawa ɗan gajeren ƙarfe ne mai nauyi a kowane gefe, wanda ake riƙewa da hannu ɗaya. Ku ɗauke shi, ku juya gefensa, za ku ga lamba. Kada ku tsaya a kan lambar. Ku duba haruffa biyu da ke kusa da ita. Idan kun ga kg, nauyin da kilo aka auna shi. Idan kun ga lb, da laba aka auna shi. Kilo 1 ya kai kusan laba 2.2, wato kilo ya ninka laba har da ɗan ƙari.

Dalilin da ya sa wannan ya zama dole shi ne, masu koyarwa a bidiyon Amurka da laba suke lissafi. Idan malamin bidiyo ya ce ya ɗauki 20, yana nufin laba 20, wato kusan kilo 9. Wanda ya ji 20 ya je ya ɗauko ƙarfe mai kilo 20, ya ɗora wa kafaɗarsa kusan laba 44, fiye da ninki biyu na abin da aka nuna masa. Ku sake dubawa: lamba, sannan haruffa. Ku ɗora yatsa a kan haruffan, ku faɗa da baki, kilo ne ko laba. Ba abin kunya ba ne mutum ya duba sau uku, domin har waɗanda suka daɗe da iya karatu suna yin wannan kuskure.

Hanya mai sauƙi ita ce ku raba lambar laba gida biyu, ku ɗan rage kaɗan, sai ku sami kilo. Laba 10 ta zama kilo 4 da rabi, laba 30 kuma ta kusa kilo 14. Ku rubuta waɗannan a littafinku.

Amma fa na gaji da ganin mutum ya gyaɗa kai a aji, ya ce ya gane, sannan ya dawo bayan mako guda yana dafe da kafaɗa. Idan na tambaye shi abin da aka rubuta a jikin ƙarfen, sai ya faɗi lamba kawai. Haba! Sau nawa za a faɗa? Lamba ba ta cika sai da haruffanta. Kuma ko da kun karanta daidai, ba dole ne ku ɗauki abin da malamin bidiyo ya ɗauka ba, tunda shi sana'arsa ke nan. Nauyin da ya dace da ku shi ne wanda za ku iya ɗagawa sau 8 zuwa 15 ba tare da kun lanƙwasa baya ba, ya zamana na ƙarshe ya yi muku wuya. Ku rubuta nauyin da yawan ɗagawar bayan kowane darasi, kuma ku sa kg ko lb a gefe.

Darasi na Uku

Igiyar roba tana iya maye gurbin ƙarfe. Launinta yana nuna taurinta, sai dai kowane kamfani da nasa tsarin launi, don haka ku karanta abin da ke jikin kwali. Ku duba ta kafin ku ja. Idan ta fara tsagewa, ku yar da ita. Sandar ƙofa kuma, wato sandar jan jiki sama da ake maƙalawa a ƙofa, tana da iyakar nauyin da take ɗauka, an rubuta a kwalinta, nan ma ku duba ko kilo ne ko laba. Ku fara jan ta ƙafafunku suna ƙasa, ku tabbatar ta zauna daram.

Darasi na Huɗu

Ku sami shimfiɗar roba wadda ba ta zamewa, da takalmin motsa jiki, da ruwan sha a kusa. Ku kawar da kujeru daga wurin, sannan ku kalli bidiyon sau ɗaya a zaune kafin ku bi shi.