Yadda ake zaɓar tayar motar gudu da maganin cin gefe ɗaya

Wata Juma'a da safe na tsaya wajen mai faci don a ƙara mini iska kafin in kama hanyar Kaduna. Motar BMW 335i ce mai ƙofa biyu, tayoyin baya kuwa ko shekara ba su cika ba, daga waje zanensu na nan raɗau. Yaron mai facin ya durƙusa ya zura hannu ta bayan tayar, sai na ga ya janye da sauri yana duba yatsansa. Ya ce, "Yallaɓai, waya ta fito fa." Na kwanta ƙasa na haska tocila. Gefen ciki, faɗin yatsu biyu, ya suɗe tas har zaren ƙarfe ya bayyana. A kan wannan tayar nake shirin ɗora raina da na iyalina.

Tun daga ranar na canza tsari. Wanda ya sayi sabuwar taya bai gano abin da ya cinye tsohuwar ba, abinci kawai ya sayo wa matsalar. Don haka ba daga shagon taya za mu fara ba, daga tayar da ke ƙafar motarka za mu fara.

Mataki na farko: karanta tsohuwar taya

Ka ajiye mota a wuri mai shafe, ka murɗa sitiyari har ƙarshe don ka ga faɗin tayar gaba gaba ɗaya. Ta baya kuwa sai an ɗaga da jak, ko ka kwanta ka leƙa. Idan ba ka da ma'aunin zurfin zane, tsinken ashana ya isa: ka cusa shi cikin kwarin zanen, ka sa alama da biro daidai bakin roba, ka gwada da rula. Wuri uku za ka auna a kowace taya, gefen waje, tsakiya, da gefen ciki, ka rubuta a takarda. Sabuwar taya takan zo da zurfin milimita 7 zuwa 8. A cikin kwarin akwai wasu 'yan tudu da aka yi su a kan milimita 1.6, kuma duk inda roba ta yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Ni dai ba na jira a kai can. Idan damina ta ƙarato zane ya sauka milimita 3, cirewa nake yi, domin taya mai faɗi da ba ta da kwarin fitar da ruwa takan hau kan ruwa ta yi ta sulɓi, sitiyari ya zama ba shi da amfani a hannunka.

Yanzu dubi lambobin da ka rubuta. Tsakiya ta fi cinyewa? Iska ce ta yi yawa. Gefe biyu sun cinye tsakiya na nan? Iska ce ta yi kaɗan, ko kuma mai motar yana shan kwana da ƙarfi. Waɗannan biyun masu sauƙi ne.

Mai wahalar shi ne cin gefe ɗaya, kuma shi ne ciwon motocin gudu. Abu biyu ke kawo shi. Na farko jinginar taya, abin da masu alaimen, wato masu saita ƙafafun mota, ke kira kamba. Tsaya a bayan irin wannan BMW ɗin, za ka ga saman tayoyin baya sun ɗan karkata ciki. Da gangan aka ƙera ta haka, don idan ta shiga kwana da gudu tayar waje ta zauna daram a kan kwalta. Amma a miƙaƙƙiyar hanya nauyin yana komawa gefen ciki. Na biyu shi ne inda tayar ke kallo: ko tayoyin biyu sun ɗan haɗa kai ciki, ko sun buɗe waje. A allon na'urar alaimen za ka ga an rubuta Toe. Mutane da yawa kamba suke ɗora wa laifi, alhali wannan na biyun ya fi ɓarna nesa ba kusa ba. Lissafin a fili yake. Tayar da ta kauce da digiri 1 daga inda mota ta nufa, a kowace kilomita ana jan ta a gicciye kusan mita 17. Ko rubu'in digiri ne, ya haura mita 4. Ka ninka wannan da nisan Kano zuwa Abuja. Kamba tana tattara nauyi a siririn wuri, kaucewar kuma tana gurza wurin a kan kwalta kamar ana gurzar rogo. Haɗuwarsu ce ta fito da wayar da yaron nan ya taɓa.

Hannu ma yana gani. Shafa tafin hannunka a kan zanen daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. Idan ta wani ɓangaren sumul ne, ta ɗayan kuma yana karce ka kamar haƙoran zarto, kaucewar taya ce ba shakka. Idan kuma ka zagaya tayar da hannu ka ji kwari da tudu, kwari da tudu, motar kuma tana gurnani a kan hanya, shokozoba ta mutu ko balansin ya ɓaci, tayar tana tsalle maimakon ta gangara. Tayar da ta kumbura a gefe kuwa rami ne ya tsinka zarenta. Ba ta da faci, ba ta da magani, a cire ta a ranar.

Mataki na biyu: gyara ƙafa kafin saiti

Kada ka kai mota alaimen da ƙafa mai girgiɗi. Na'ura za ta nuna kore, ka biya kuɗi, ka taka birki sau ɗaya komai ya koma gidan jiya. Bakanike ya ɗaga motar, ya kama taya ta hagu da dama ya girgiza, sannan ta sama da ƙasa. Duk wani motsi ko ƙwas-ƙwas yana nuna tayarod, ko boljoyin, ko boris. Ya sa ƙarfe ya ɗan banƙara kowane bushin ya ga ko robar ta tsage. A wannan samfurin na BMW, wanda aka yi daga 2006 zuwa 2013, bushin hannun gaba mai ruwa ne a ciki, idan ya fashe za ka ga baƙin danshi a jikinsa, sitiyari kuma ya riƙa rawa in ka taka birki. A duba shokozoba ko tana yoyon mai, a juya wili a ga ko rami ya lanƙwasa shi. Idan an taɓa sauke motar ƙasa da gajeren sifirin don ado, ka sani an ƙara mata jingina, kuma tayar ce ke biyan kuɗin adon.

Mataki na uku: zaɓen taya

Buɗe ƙofar direba ka dubi takardar da ke liƙe a jikin ginshiƙi. Girman taya da awon iska duk suna nan, kuma maganarta ta fi ta mai shago. Ɗauki misalin 255/35 R18 94Y. Lamba 255 faɗin taya ne a milimita. Lamba 35 tsayin gefenta ne, wato kashi 35 cikin ɗari na faɗin, kusan milimita 89. R18 wili ne mai inci 18. Lamba 94 nauyin da za ta iya ɗauka ne, kilo 670. Harafin ƙarshe kuma iyakar gudu: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Motar da kamfani ya ƙayyade gudunta a 250 ba a sa mata ƙasa da W. Wani zai ce ai ba zai taɓa kai wannan gudun ba. Gaskiya ne, kuma kada ma ya kai. Amma harafin yana nuna yadda tayar ke jure zafin da ke taruwa a cikinta, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka. Saboda wannan dalilin, a inda aka rubuta Temperature a gefen taya, A nake nema.

Motocin gudu da yawa tayar gaba da ta baya ba girmansu ɗaya ba. Tawa 225/40 R18 ce a gaba, 255/35 R18 a baya. Faɗi ya bambanta, amma tsayin kusan ɗaya ne, milimita 637 da 636. Kada ka ɓata wannan daidaiton, domin kwamfutar birki da ta hana sulɓi da juyawar tayoyi suke aiki. Ga shawarar da na fi so a ji: idan hanyar unguwarku ramuka ce, ka sauko inci 17. Taya 225/45 R17 gefenta ya kai milimita 101, ƙarin robar nan ita ke shiga tsakanin bakin rami da wilinka. Inci 19 ya fi kyau a hoto, amma rami ɗaya ya isa ya haɗa maka asarar taya da wili.

Sai irin roba. Don tuƙin yau da kullum, tayoyin gudu na yanayin zafi su ne namu: Michelin Pilot Sport 4S, Continental SportContact 7, Bridgestone Potenza Sport, Pirelli P Zero, Goodyear Eagle F1. Akwai waɗanda aka yi don filin tsere, irin su Pilot Sport Cup 2, masu laushin roba da ƙarancin zane. Sun fi riƙe busasshiyar kwalta, amma suna saurin ƙarewa, kuma ruwan Agusta ba nasu ba ne. Lambar da ke gaban kalmar Treadwear tana ba da haske: 300 ta fi 180 daɗewa. Sai dai a cikin tayoyin kamfani ɗaya ake wannan kwatancen, don kowane kamfani shi ke gwada nasa. Idan ka ga tauraro a gefen taya, an yi ta ne musamman don BMW. MO na Mercedes ne, AO na Audi, N0 ko N1 na Porsche.

Abin da ya fi damuna shi ne tayar tokumbo. Da yawansu tayoyin hunturun Turai ne, za ka gane su da hoton dutse mai ƙoƙuwa uku da ƙanƙara a cikinsa, zanensu kuma cike da ƙananan tsage-tsage. An haɗa robarsu don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. A zafinmu laushi take yi, birki ya ƙara tsawo, zane ya zube da wuri. Ka kuma nemi layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya: 2323 na nufin mako na 23 a 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya shekara 4 take ba taya daga ranar ƙira. Michelin kuwa cewa ta yi bayan shekara 5 a riƙa dubawa duk shekara, kada kuma a wuce 10 ko da zane na nan. Sabuwa fil a leda ma tana iya zama tsohuwa, don haka ka karanta da idonka kafin ka miƙa kuɗi.

Wannan BMW ɗin da tayar da ke tafiya ko ta sace ta zo, mai taurin gefe, wadda za ta kai ka wajen gyara muddin ba ka wuce gudun kilomita 80 a awa ba. Shi ya sa ba ta da safaya. Idan ka koma taya ta gama-gari motar za ta yi laushi, amma dole ka tanadi safaya ko famfo da maganin toshe huji a but. Kuma tayoyi biyu na layi ɗaya, hagu da dama, su zama iri ɗaya, zane ɗaya, shekaru ɗaya.

Mataki na huɗu: ɗaurawa da alaimen

Taya mai gajeren gefe ba a ɗaura ta da guduma da ƙarfe, a je inda ake da inji. Ka tsaya a wurin. Wadda aka rubuta wa Outside, wannan fuskar ce waje. Mai kibiya kuma kibiyar ta kalli inda taya ke juyawa. A sa sabon bawul, a yi balansin, a ɗaure noti da sifana mai awo, ba da tsalle a kan ƙarfe ba. Awon wannan motar 120 Nm ne.

Daga nan kai tsaye wajen alaimen, na ƙafa huɗu, ba na gaba kaɗai ba. A daidaita iska tukuna. BMW ta tanadi a cika tanki a kuma ɗora nauyi a kujeru lokacin awo, domin kusurwar taya tana canzawa idan mota ta zauna, don haka ka tambayi mai aikin ko ya san da wannan. Kowane awo yana da tazarar da kamfani ya yarda da ita. Ka ce masa, "Malam, kada ka tsaya don ta nuna kore. Hagu da dama su zo daidai, jinginar baya a kawo ta ƙarshen da ya fi kusa da miƙewa, haɗa kan tayoyin kuma ya zama ɗan kaɗan, cikin awon kamfani." Ka karɓi takardar awon kafin aiki da bayan aiki, ko ka ɗauki hoton allon. Kilomita 300 na farko a bi a hankali, sabuwar roba tana da santsi.

Mataki na biyar: bibiya

Sayi gejinka na kanka. Ka auna iska da safe kafin mota ta motsa, duk mako biyu, ka bi lambar jikin ƙofa. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba awon tuƙi ba, kuma nan ne masu faci da yawa ke kuskure. Idan ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta hau, kada ka rage, zafi ne, za ta sauko da kanta. Shigowar hunturu kuwa takan rage ta, wajen PSI 1 a awon iska a duk saukar digiri 5 zuwa 6. Duk sanda ka daidaita iska, ka sake saita na'urar gargaɗin taya a dashbod.

Idan tayoyin huɗu girmansu ɗaya, a riƙa musanya gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Masu bambancin girma ba su da wannan damar, sai dai hagu da dama, shi ma idan ba masu kibiya ba ne. A irin waɗannan motocin tsinken ashana ne abin dogaro: duk wata ka auna wurare ukun nan ka kwatanta da na watan jiya. Da zarar gefen ciki ya gaza na waje da milimita 1, ko ka faɗa rami mai ƙarfi, ko sitiyari ya karkace alhali mota na tafiya miƙe, ka koma wajen alaimen da takardar awonka ta baya a hannu, a ga wace kusurwa ce ta motsa.