Yadda Ake Haɗa Taswirar Alaƙa Daga Tarin Maƙalun Binciken Annoba

Lokacin da Nasir El-Rufai, gwamnan Kaduna na wancan lokaci, ya sanar a ranar 28 ga Maris 2020 cewa ya kamu da Korona, wata ɗaya bayan an tabbatar da mai cutar na farko a Legas, likitoci da ɗaliban kiwon lafiya a Kaduna sun riga sun shiga wata matsala ta daban, wato yawan rubutu. Rumbun maƙalun binciken Korona na CORD-19, wanda cibiyar Allen ta Amurka ta buɗe tare da abokan aikinta a watan Maris ɗin da maƙalu kusan 29,000, ya haura maƙala miliyan ɗaya kafin a daina ƙara masa a watan Yuni 2022. Babu mai iya karanta wannan tari, kuma irin wannan nauyi, ko da bai kai haka ba, yana jiran duk wanda zai yi nazarin zazzaɓin Lassa ko mashaƙo ko sanƙarau. Taswirar alaƙa hanya ce ta mayar da tarin rubutu zane guda da ido zai iya bi.

Ginin nata mai sauƙi ne. Kowane abu, ko magani ne ko cuta ko ƙwayar halitta ko alamar rashin lafiya, ana ba shi ɗigo guda, sannan a ja layi tsakanin ɗigo biyu a rubuta irin dangantakarsu a kai. Ƙwayar SARS-CoV-2, mai haddasa Korona, tana maƙalewa da furotin ACE2 don ta shiga tantanin jiki: ɗigo biyu ke nan da layi ɗaya. Wanda ya taɓa ganin salsalar gidan sarauta a rubuce ya riga ya san siffar abin, sai dai a nan rassan suna komawa su sarƙe da juna. Amfaninta kuwa ya taɓa fitowa fili, domin da irin wannan taswira ce masu bincike na kamfanin BenevolentAI suka hango, a watan Fabrairu 2020, cewa barisitinib, maganin da ake bai wa masu amosanin gaɓɓai, zai iya taimakon masu Korona, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi ga masu tsananin ciwo a watan Janairu 2022.

Ka fara da tambaya ƙunƙuntacciya. "Korona" ba tambaya ba ce; "waɗanne magunguna aka gwada a kan masu Korona da aka kwantar a asibiti a 2020, kuma me aka samu" tambaya ce. Da ita za ka shiga PubMed, wato shafin neman maƙalun kiwon lafiya, ko LitCovid idan Korona ce kaɗai damuwarka, ka sauke sakamakon zuwa Zotero, manhajar adana maƙalu. Kada ka tsaya nan, ka leƙa African Journals Online, rumbun mujallun bincike na Afirka, domin yawancin abin da likitocinmu na Shika da Kano da Ibadan suke bugawa a mujallun gida ba lallai ne ya bayyana a PubMed ba. Ka rubuta kalmomin da ka yi nema da su da ranar da ka yi, ka ajiye. Maƙala ɗari biyu zuwa ɗari uku sun ishi mutum ɗaya a karon farko.

Sai gyaran sunaye, aikin da ba wanda yake so amma ba ya tsallakuwa. Kafin 11 ga Fabrairu 2020 ana kiran ƙwayar 2019-nCoV, daga ranar ta koma SARS-CoV-2, cutar kuma aka sa mata COVID-19. Idan ka bar su yadda suke, taswira za ta nuna maka abu ɗaya a ɗigo biyu, ko kuma ta haɗa ƙwaya da cutar da take haddasawa. Ka ɗauki sunayen MeSH, wato ƙamus ɗin da PubMed ke amfani da shi, a matsayin mizani, ka buɗe jadawali mai gida biyu, ɗaya na sunan da ka tarar, ɗaya na sunan da ka zaɓa. Ni kaina na taɓa haɗa kulorokwin da haidroksikulorokwin a ɗigo guda saboda gaggawa, sai da wata ɗaliba da muke aiki tare ta ce, "Malam, ai waɗannan magani biyu ne, ko da yake 'yan gida ɗaya ne," na koma na warware layuka fiye da yadda nake so.

Yanzu ga zuciyar aikin, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya zauna. Buɗe jadawali a Excel ko makamancinsa, kowane sahu ya ɗauki da'awa ɗaya tak: abu na farko, dangantaka, abu na biyu. Bayan waɗannan gidaje uku, ƙara gidan maƙalar da ta faɗi haka da lambarta ta DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, da shekara, da irin binciken, da adadin mutanen da aka yi shi a kansu, da ƙasar da aka yi shi, da kuma ko masana sun tantance maƙalar ko daftari ne kawai da aka ɗora a medRxiv, shafin maƙalun da ba a kai ga tantancewa ba. Malamanmu na hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi, sannan su auna masu ruwayar; haka nan kowane layi a taswirarka dole ya zo da wanda ya faɗe shi da ƙarfin hujjarsa. Sakamakon da aka samu a kwalbar ɗakin gwaji, da wanda aka samu daga duba fayilolin marasa lafiya talatin, da wanda aka samu a gwajin da aka raba dubban mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba ɗaya ba ne, ko da jimlarsu ta zo iri ɗaya.

Labarin haidroksikulorokwin ya isa misali, kuma mu da muka sha kulorokwin tun muna yara mun san yadda aka yi rububinsa a kemis a wancan lokaci. A ranar 22 ga Mayu 2020 mujallar Lancet ta buga maƙala da ke cewa maganin yana ƙara mace-mace, bisa bayanan kamfanin Surgisphere, amma a ranar 4 ga Yuni aka janye ta saboda an kasa tantance bayanan. Washegari gwajin RECOVERY na Ingila ya sanar cewa maganin ba ya rage mutuwa a tsakanin waɗanda aka kwantar. Wanda bai rubuta isnadi ba zai tarar da layuka masu karo da juna, ya rasa wanda zai goge. Zotero yana sa alama a kan maƙalar da aka janye ta hanyar bayanan Retraction Watch, shafin da ke bibiyar maƙalun da aka janye, saboda haka ka duba wannan alama kafin ka shigar da kowane sahu. Haka kuma ka kula da daftari da bugun ƙarshe na bincike ɗaya, kada ka ƙirga su biyu.

Sharaɗi ma yana shiga cikin layi. Gwajin RECOVERY ɗin ya nuna a ranar 16 ga Yuni 2020 cewa deksametason ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin kaɗai, amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar ko ɗaya ba. Idan ka rubuta "deksametason yana maganin Korona" ka tsaya, ka yi wa binciken ƙarya, kuma wani zai iya ɗaukar maganar ya je kemis da ita. Sahu uku za ka rubuta, kowanne da rukunin marasa lafiyarsa. Manhajoji irin su PubTator da scispaCy suna iya tsamo maka sunayen magunguna da cututtuka daga tsakuren maƙalu cikin sauri, kuma ina amfani da su, amma dangantaka da sharaɗinta ba na barin na'ura ta yanke su ba tare da na karanta ba.

Zanen kansa shi ne mafi sauƙi. VOSviewer, manhaja ta kyauta daga Jami'ar Leiden, tana karanta fayil ɗin PubMed ta nuna kalmomin da suke yawan zuwa tare, wanda ya dace da leƙen farko, sai dai zuwa tare ba ya nufin ɗaya ya haddasa ɗaya. Don taswira ta haƙiƙa, ka adana jadawalinka a matsayin CSV, wato fayil ɗin jadawali mai rubutu zalla, ka sa wa gidajen abu na farko da na biyu sunayen Source da Target, ka shigar a Gephi, manhajar zana irin wannan taswira. Ka bai wa kowane nau'in ɗigo launinsa, ka sa kaurin layi ya bi ƙarfin hujja maimakon yawan maƙalu. Idan sahu ya kai dubbai kuma kana son yi wa taswirar tambayoyi, sai ka koma Neo4j, manhajar adana bayanai a sigar ɗigo da layi. Gephi ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi. Ranar da aka ɗauke wuta a unguwarmu ta Kawo, mun taɓa shimfiɗa katunan kwali a kan tabarma, muka haɗa su da zaren ulu ja da baƙi, ja na hujja mai ƙarfi, baƙi na mai rauni, kuma a nan muka fara ganin cewa wani magani da ya cika mana ido baƙaƙen zare ne kaɗai suke riƙe da shi.

Wajen karatu, kada babban ɗigo ya ruɗe ka, domin girmansa yawan magana yake nunawa. Ka fi zuba ido a kan wurare biyu: inda layuka suka saɓa wa juna, da inda ya kamata a ga layi amma babu. Ka tace da gidan ƙasa, ka bar binciken da aka yi a Afirka ta Yamma kaɗai, ka ga abin da ya rage. Giɓin da ka gani shi ne batun da ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Jihar Kaduna ko ta Ahmadu Bello zai iya ɗauka. Daga nan ka rubuta taƙaitawarka rukuni-rukuni, kana faɗin abin da aka tabbatar, da abin da ake taƙaddama a kai, da abin da ba a bincika ba, kowace jimla tana komawa ga sahunta a jadawali. A ƙasan zanen ka rubuta ranar da ka yi nema na ƙarshe, sannan ka ajiye jadawalin tare da zanen, domin wanda zai sabunta shi bayan wata shida da jadawalin zai yi aiki.