Yadda za ki gane ko al'adarki ce ta rikice ko lissafi ne ya ruɗe ki

Ɗiyar yayata da ke aure a unguwar Mabera cikin Sakkwato ta same ni da la'asar, hankali a tashe, ta ce, "Inna, sau biyu na yi fashin salla a wata ɗaya, anya lafiyata ƙalau?" Na ce ta faɗa mini ranakun. Ta ga jini ran 2 ga Maris, ya dawo ran 30. Muka ƙirga a yatsu, kwana 28 cif. Babu abin da ya same ta, sunan wata ne ya ruɗe ta. Mahaifa ba ta san Maris ba, ba ta san Rajab ba, kwana take bi. Don haka kafin ki ce al'adarki ta rikice, ki bi waɗannan matakai.

Da farko ki ware ƙaramin littafi, ko ki yi amfani da kalandar wayarki. Ranar da jini ya zubo sosai, ba ɗan ɗigon da ke riga shi ba, ita ce rana ta 1. Ki rubuta. Ki rubuta ranar da kika ga tsarki, da yawan audugar mata ko ƙunzugun da kike canzawa a yini, da ko akwai gudaji ko ciwon mara mai kwantar da ke.

Sai ƙirga. Nan ne mata da yawa ke kuskure, domin suna fara lissafi daga ranar wanka. A'a. Daga ranar farko ta wannan jini zuwa jajibirin ranar farko ta na gaba, shi ne zagaye ɗaya. Ga babbar mace, duk zagayen da ya faɗa tsakanin kwana 21 da 35 lafiya ne. Mai kwana 28 za ta ga baƙonta sau 13 a shekara, mai 35 kuwa wajen sau 10, kuma dukansu lafiyarsu lau. Zubar jinin kanta takan ɗauki kwana 2 zuwa 7.

Kada ki yanke hukunci da wata ɗaya. Ki tara lissafin wata uku, in da hali shida, sannan ki cire zagaye mafi gajarta daga mafi tsawo. In kin samu 27, 30, 29, bambancin kwana 3 ne, ba komai. Amma in yau 24 ne, gaba 41, gaba 30, bambancin kwana 17 ne, kuma in ya haura kwana 9, wannan ita ce rikicewa ta gaskiya.

In lissafi ya nuna haka, ki dubi halin da kike ciki. Yarinyar da ta fara al'ada takan yi shekara biyu zuwa uku kafin ta daidaita, har zagayenta ya kai kwana 45. Iyaye, don Allah kada tsallaken wata ya zama dalilin zargin ɗiya da abin da ba ta aikata ba. Na ga yarinyar da irin wannan tuhuma ta hana ta cin abinci, kuma ina jin zafin abin har yau. Mai goyo tana iya yin watanni ba ta gani ba, sai dai ta sani ciki na iya shiga kafin jinin farko ya dawo. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku da ashanar hannu sukan sa ɗigo-ɗigo ko su ɗauke jinin gaba ɗaya, kuma ba taruwa yake yi a ciki ba kamar yadda ake faɗi, fatar cikin mahaifa ce ba ta yi kaurin da za ta zube ba. Macen da ta haura 40 ma takan fara tsallake kafin ɗaukewa, wadda yawanci ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55. Damuwa, doguwar jinya, rama ko ƙiba ta farat ɗaya, duk suna jinkirta fitar ƙwai, jini kuma ya makara.

Matar aure da ta yi ɓatan wata, mataki na gaba shi ne gwajin ciki da fitsarin asuba, tsinken yana nan a kowane kemis. Kafin ki yi shi kada ki sha jar kanwa, kada ki sha wani haki ko ƙwaya da sunan "tsinko jini". In akwai ƙaramin ciki, kin jefa rayuka biyu a haɗari.

Batun salla kuwa, a mazhabar Malikiyya mafi yawan haila kwana 15 ne, mafi ƙarancin tsarki ma 15. Mai al'ada sananniya, in jini ya zarce kwanakin da ta saba, takan ƙara kwana 3 a kansu muddin ba su haura 15 ba, abin da ya wuce nan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Malamarki ta Islamiyya za ta warware miki hukuncin, amma jinin da shari'a ta kira na ciwo magani yake nema.

Ki tafi asibiti ba tare da jira ba in kin yi wata uku ba jini kuma ba ciki, ba goyo. Ko jini ya wuce mako. Ko kina jiƙe auduga duk awa ɗaya ko biyu har jiri da haki na kama ki. Ko kina ganin jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke shekara guda. Haka in tsallaken ya haɗu da gashi a haɓa da ƙurajen fuska, ko kumburin maƙogwaro, ko ruwan nono ba ki shayarwa. Ki fara da asibitin unguwarku. In abin ya fi ƙarfinsu akwai Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tambayar farko da likita zai yi miki ita ce ranar da kika ga jinin ƙarshe. Ki buɗe littafin ki miƙa masa, ki kuma faɗi duk maganin da kika sha, har na gargajiya.