Darasi na 7: Gawayin tace ruwa daga totuwar masara

To jama'a, darasin yau kan abubuwan da muke zubarwa ne bayan girbi, totuwar masara da ɓawon gyaɗa da ƙwallon goruba. Har buntun shinkafa irin wanda ake tarawa tsibi-tsibi a Dadin Kowa yana yi, sai dai shi toka yake bari da yawa, ni dai na fi son totuwa da goruba.

Sirrin gawayin nan ƙananan ramuka ne a jikinsa da ido ba ya gani, a nan wari da launi da ɗanɗanon kilorin da wasu magungunan feshi suke maƙalewa in ruwa ya ratsa. Na kamfani da tururi mai zafin digiri 800 ko fiye ake buɗe masa ramukan, giram 1 kacal faɗin cikinsa ya kan wuce murabba'in mita 500. Namu na gida ba zai kai nan ba gaskiya, amma yana aiki.

Ka shanya totuwar ta bushe ƙayau, ka cika gwangwani mai murfi da ita, ka huda murfin kaɗan sai ka haɗa wuta kewaye da shi a waje, ba cikin ɗaki ba don hayaƙin yana kisa. Da farko za ka ga farin hayaƙi mai kauri yana ta tuɗaɗowa, in ya ragu ya koma siriri to ta ƙone, ka toshe hudar da laka ka bar shi ya huce da kansa, don Allah kar ka yi gaggawar buɗewa, iska na shiga komai zai koma toka ka yi aikin banza.

Sai a daka a turmi amma kar ya zama gari, kamar ƙwayar dawa ya isa. A jiƙa cikin ruwan toka ya kwana, a shanya, a sake maida shi gwangwanin a gasa har ya yi ja. In ya huce a yi ta ɗauraya har santsin ya fita daga ruwan. A bokiti mai huda a ƙasa a shimfiɗa kyalle mai tsafta, a zuba gawayin da kauri, yashi a kansa sai tsakuwa a sama.

Amma fa a ji da kyau, gawayi ba ya kashe ƙwayar kwalara ko taifod, dole a tafasa ruwan bayan an tace. Su kuma 'yan'uwanmu na wajen Kaltungo da ruwan wasu rijiyoyi ke rina haƙoran yara, wannan sinadarin fulorayid ne, gawayin totuwa ba ya cire shi sosai, gawayin ƙashi ake yi wa wannan. Ranar da warin ruwan ya dawo kuma to ramukan sun cika, a zubar a yi sabo.