Babi na 4: Anshen klarinet, yadda ake ɗaura shi da yadda ake aje shi

Darasi na 1

Ƴan uwa kowa ya aje klarinet ɗinshi bisa tabarma, kada a busa tukuna. Ku dubi baƙin kan nan da ake sawa a baki, sunanshi bek. A jikinshi akwai ɗan siririn kara da aka ɗaure, shi ne anshe. In kun hura iska shi ke kaɗawa, daga nan sauti ke fitowa, in babu shi ko kun yini kuna hurawa iska kawai za ku ji.

Ba da karan gero ake yin shi ba. Wani kara ne mai suna Arundo donax, ana nomanshi ƙwarai a yankin Var can kudancin Faransa, sai ya shekara 2 kafin a sare shi lokacin sanyi a busar da shi wata da watanni. Kamfanin Vandoren na Paris tun 1905 yake wannan aiki, akwai kuma Rico na Amurka. Daga waje ake kawo muna shi nan Yamai shi ya sa ba abin wasa ba ne.

Darasi na 2

Ku juya bayan anshe, akwai lamba a rubuce, daga 1 har 5, wani da rabi. Ƙaramar lamba taushi, babbar lamba tauri. Ku da kuka fara ku nemi 2 ko 2,5. Lamba 4 ba girma ba ce, leɓenku ne kawai zai gaji. Kwali guda yakan zo da 10 kuma ba duka ke daɗi ba, ku ɗaga kowane ga haske, wanda bakinshi ya tsage ku aje gefe.

Darasi na 3

Nan ne aikin yake, dan Allah ku karanta sannu sannu, in wani harafi ya gagara ku tambayi na kusa da ku, ba kunya ba ce.

Anshe na da kai biyu, mai kauri da siriri. Da mai kaurin ake riƙewa. Siririn ba a taɓa shi da yatsa, ko kaɗan, ya fi ɓawon albasa saurin yagewa. Ku sa shi cikin ruwa mai tsabta a ɗan kofin shayi minti 1 ko 2, ko cikin baki. Ba a ɗaura busasshen anshe.

Yanzu maɗaurin nan na ƙarfe mai bis biyu. Shi ake fara sawa bisa bek, a sassauta shi. Sannan a zura anshe daga sama, kai mai kauri ya fara shiga, gefen da yake shimfiɗe ya kwanta a jikin bek. Maɗauri da farko, anshe daga baya. In kun aza anshe sannan kuka jefo maɗauri ta sama, ƙarfen zai ci bakin anshen, shi ke nan kuɗi sun tafi.

To ku ɗaga bek daidai idonku. Bakin anshe ya zo daidai da bakin bek, a ga ɗan baƙin layi siriri ƙwarai ya leƙo bisa anshen. In anshe ya wuce sama, busa za ta yi nauyi. In ya sauka ƙasa da yawa iska za ta riƙa zurarewa ku ji ƙara mara daɗi. Kun ga ya karkace? Da manyan yatsu biyu ake gyarawa ta gefe da gefe, ba ta sama ba. Ba ta sama ba nace.

Ku saukar da maɗauri ƙasa da wurin da aka fere a jikin anshe, ku juya bis har ya riƙe, ba sai kun murɗe da ƙarfin tsiya ba.

Madalla. Yanzu ku kwance ku sake. Riƙe mai kauri, jiƙa, maɗauri, zura anshe, duba layi. Sake kuma. Hannun da ya saba da garma ko keken ɗinki zai saba da wannan ma insha Allahu.

Amma haba Alhaji, haba Hajiya, wasunku kun girme ni amma sai na faɗa. Kullum ana faɗi kullum sai an ga mutum ya danna bakin anshe da babban yatsa don ya saukar da shi, in ya tsage kuma ya ce klarinet ce ta lalace. Klarinet lafiyarta lau, yatsa ne. Riƙe mai kauri, maɗauri da farko, duba layi.

Darasi na 4

Wanda ya ci goro ko ya sha shayi mai sukari ya kurkure baki kafin busa. In an gama a cire anshe, a ɗauraye, a share shi daga mai kauri zuwa siriri, a mayar gidanshi. Kada ya kwana bisa bek. Kuma ba a aron anshe, kowa da nashi.

Darasi na 5

Sabon anshe minti 5 ya isa a ranakun farko. Ku riƙe anshe guda 3 ko 4, ku sa masu lamba da kirayon kuna canzawa. Da hunturu yana bushewa ya lanƙwashe, ku ƙara jiƙa shi. Da damina kada a rufe shi da danshi, fumfuna yake yi.

Darasi na 6

Wanda ya tsage a yar. Akwai na roba irin na kamfanin Légère, ba a jiƙa su, mai hali ya saya.

Aikin gida: ɗaura anshe ka kwance sau 10.