Taraktar da ke gardamar tashi da safe: abin dubawa kafin a taɓa taimin

Duk lokacin da aka kawo mini tarakta ana cewa ba ta tashi da safe sai an sha fama, tambayata ta farko ita ce: wa ya taɓa famfon injekta, wato famfon da ke tura mai zuwa nozuloli? Sau da yawa sai a yi shiru, can kuma a ce ai wani ne ya ɗan juya shi don ya ƙara taimin, wato daidai lokacin da famfon ke fesa mai cikin silinda. Abin nan yana damuna ƙwarai. A injin da haƙoran giya ke juya famfonsa, taimin ba ya gocewa haka siddan. Ko dai noti ya kwance, ko an cire famfon an mayar ba daidai ba, ko haƙoran sun cinye saboda daɗewa. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ciwon yana wani wurin.

Injin dizal ba shi da filogin tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar nozul ta fesa shi. Da sanyin safiya ƙarfen injin yana shanye zafin nan, shi ya sa duk abin da ya rage saurin juyawa ko ƙarfin matsi yake bayyana da safe, ya ɓuya da rana.

Fara da batir. Cikakke yana nuna kusan volt 12.6 a mita, kuma in ya faɗi ƙasa da 9.6 sa'ad da kake kik, ya gaji. Goge kawunansa, ka duba wayar da ke kama bodi. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 20, sannan ka bar sitata ta huce minti 2.

Sai hita. Injinan Perkins na tsofaffin Massey Ferguson, irin su 135, hita ɗaya suke da ita a bututun shigar iska. Cire tiyon iskar, wani ya riƙe maka makulli a wurin ɗumi. Cikin daƙiƙa 15 zuwa 20 za ka ga wayar ta yi jawur, mai ya ɗiga a kai, ya kama da ɗan fuf. In ba ka ga haka ba, ka gano ɓarawon. Injin da kowace silinda ke da hitarta kuwa, auna su ɗaya-ɗaya: lafiyayya takan nuna kusan om 1, matacciya ba ta nuna komai. Ina roƙonka kada ka fesa maganin tayar da inji alhali hita na aiki. Yana iya fashewa a bututun, kuma yawan amfani da shi yana karya ringi.

Yanzu tsaya kusa da salansa ka kalli hayaƙi. Idan ana kik babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isa silinda. Farin hayaƙi mai yaji a ido, mai warin ɗanyen dizal, yana nufin mai ya shiga amma bai ƙone ba. Wanda bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, maganar gasket ɗin kan silinda ce.

Inda na fi samun matsala shi ne iska a cikin mai. Akwai wata tarakta da na gani an juya famfonta har ƙarshen ramin noti, an sake batir, duk a banza. Na sa guntun tiyo mai haske tsakanin ƙaramin famfon jan mai da filta, na bar ta ta kwana. Da gari ya waye sai ga kumfar iska doguwa kamar yatsa a cikin tiyon. Washar tagulla guda, irin zoben da ke toshe mahaɗar fayif ɗin mai, ita ce ta tsage: ba ta zubar da mai, amma cikin dare tana shan iska, man ya koma tanki. Don fitar da iska, sassauta notin saman filta ka riƙa danna hannun famfon jan mai har mai ya fito babu kumfa, sai ka koma kan notocin iska biyu na famfon injekta, wanda a waɗannan taraktocin samfurin CAV DPA ne, na ƙasa tukuna. In hannun ba ya kama komai, ɗan juya injin ka sake gwadawa. Daga nan ka sassauta fayif ɗin nozul biyu ka yi kik har mai ya tofo. Kada ka kusantar da hannu ga feshin nozul, yana huda fata.

Gyara tazarar bawul, wadda a waɗannan injinan Perkins milimita 0.30 ce in inji ya huce, ka kuma kai nozuloli a gwada feshinsu. Sai duk wannan ya fita zargi za ka zo kan taimin.

Taimin da ya makara yana ba da farin hayaƙi, kasala da zafin inji. Wanda ya yi gaggawa kuwa ƙara yake kamar ana dukan ƙarfe da guduma. A DPA akwai layi a gindin famfon da wani a jikin injin. Goge wurin ka ga ko sun haɗu. Kafin ka kwance komai, zana naka layin da kaifin ƙarfe, don ka san inda za ka dawo. Kashe inji, sassauta fayif-fayif ɗin nozul da notoci uku da ke riƙe da famfon a jikin inji. Juya jikin famfon saɓanin inda sandarsa ke juyawa yana gaggauta taimin, kuma akwai kibiya a farantin sunansa da ke nuna hanyar juyawar. Famfo yana juyawa rabin saurin inji, don haka digiri 1 a jikinsa digiri 2 ne a karanshaf. Juya famfon daidai kaurin layin fensir ya isa gwaji ɗaya.

Famfon da fayif ɗinsa ke jere a layi ana gwada shi da ɗigon mai. Kawo fistin na 1 kusa da sama a bugun matsi, bawul biyu a rufe. A jikin famfon, cire bawul ɗin fitar mai na 1 ka tsoma shi cikin dizal mai tsabta, ka ɗaura lanƙwasasshen fayif, ka buɗe totur. Kana danna famfon hannu mai na zuba, wani na juya injin a hankali ta hanyar da yake tafiya. Daidai inda zubar ta koma ɗigo ta tsaya, nan feshi ke farawa. Karanta alamar fulawil ka kwatanta da digirin da littafin injin ya faɗa, domin kowane inji da nasa. In ka wuce wurin, koma baya sosai ka sake tahowa, saboda wasan da ke tsakanin haƙoran giya.

Ɗaure komai, ka fitar da iska, amma kada ka yanke hukunci ranar, domin inji mai ɗumi ko da taimin mara kyau yakan tashi. Bar ta ta kwana a waje, ka dawo da asuba ka gwada.